Babi Na Huɗu: Gundumar Linn, Mahaɗar Iskoki Biyu

A wata unguwa da ke arewa maso yammacin birnin Cedar Rapids, a jihar Iowa ta Amurka, akwai wani ɗan ƙaramin masallaci na katako, fari, mai koriyar ƙubba. 'Yan ci-rani daga ƙasar Sham, wato Siriya da Labanon na yau, su ne suka gina shi, aka kammala a 1934. Cikin gine-ginen da aka yi musamman don salla a Amurka, babu wanda ya kai shi daɗewa a tsaye, shi ya sa ake yi masa laƙabi da Uwar Masallatan Amurka. Shekara 74 ya yi yana shan sanyi da zafi ba abin da ya kayar da shi. Sai a watan Yunin 2008 kogin Cedar ya tsallake layin gidaje bayan layin gidaje ya iso ƙofarsa, ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda aka adana littattafai da hotuna da takardun tarihin jama'ar.

Waɗanda suka zaɓi wannan fili ba su yi ganganci ba. A saninsu, da sanin duk wani dattijo na garin, kogin bai taɓa zuwa nan ba. Labarin yanayin wannan yanki ke nan a dunƙule: ƙasa ce mai albarka ƙwarai, amma sararin samaniyarta ba ya tsayawa a inda tsofaffi suka ce nan ne iyakarsa.

Cedar Rapids shi ne babban birnin gundumar Linn, ɗaya daga cikin gundumomi 99 na jihar Iowa. Gunduma a can ta yi kama da ƙaramar hukuma a wurinmu, da kotunta da ma'aikatanta masu kula da hanyoyin karkara. Faɗin Linn ya kai murabba'in kilomita 1,880, kuma ƙidayar 2020 ta samu mutum kusan 230,000 a cikinta, fiye da rabinsu a birnin. Da ka fita daga gari sai gonakin masara da waken soya, da 'yan garuruwa irin su Mount Vernon da Palo da Central City. Kogin Cedar ya ratsa ta daga arewa maso yamma, kogin Wapsipinicon kuma ya yanki kusurwarta ta arewa maso gabas.

Fili marar katanga

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shekara da ruwa ake raba ta. Iskar teku ta hauro daga kudu, damina ta sauka. Ta koma, busasshiyar iskar hamada ta karɓi fage, rani ya shigo. Iskokin nan biyu suna karɓa-karɓa ne, kowace da watanninta, har manomi ya iya kallon kalanda ya ce ga wadda ke mulki.

A Iowa ma iskoki biyu ne, sai dai ba su yi rabon watanni tsakaninsu ba. Ɗaya tana gangarowa daga Kanada, busasshiya mai tsananin sanyi. Ɗayar tana haurowa daga Mashigin Tekun Meksiko, tafiyar fiye da kilomita 1,200, da ɗumi da damshi. Manyan duwatsun Amurka, Rocky a yamma da Appalachia a gabas, duk daga arewa zuwa kudu suka miƙe, saboda haka babu wani tsauni da ya gitta ya shiga tsakanin iskokin. Tsakiyar ƙasar ta zama zaure mai ƙofa biyu a buɗe, gundumar Linn kuma tana tsakiyar zauren. Yau ta kudu ta yi rinjaye mutum ya fita da riga ɗaya, jibi ta arewa ta ture ta a wayi gari ruwan kwata ya daskare. Inda suka yi karo kuwa, nan hadari yake haɗuwa.

Wani abin da ya ƙara raba yanayin can da namu shi ne nisa daga tsakiyar duniya. Kano tana kan digiri 12 arewa, Cedar Rapids tana kan digiri 42. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. A Linn, yinin ƙarshen Yuni ya ɗara awa 15, na ƙarshen Disamba kuwa awa 9 ne da 'yan mintoci. Musulmin garin sun fi kowa sanin wannan. A shekarun da Ramadan ya faɗo cikin Yuni, kamar 2016 da 2017, sun riƙa kama baki kusan awa 17. In ya zagayo Disamba, kafin ƙarfe biyar na yamma an sha ruwa. Wannan doguwar rana ta tsakiyar shekara da gajeriyar ta ƙarshenta su ne ke sa matsakaicin zafin Yuli ya kai wajen digiri 23 a ma'aunin Salshiyas, na Janairu kuma ya faɗa wajen digiri 7 ƙasa da sifili. Tazarar digiri 30 ke nan a gari ɗaya cikin shekara ɗaya.

Ruwan da ke sauka a shekara, in an haɗa da dusar ƙanƙara bayan ta narke, yana kai wa milimita 900, abin da bai yi nisa da na Kano a shekara mai kyau ba. Sai dai na Kano cikin wata huɗu ko biyar yake zuba ya ƙare, na Linn kuwa babu watan da ba ya samun rabonsa, ko da yake Mayu zuwa Agusta sun fi samu. Don haka abin da ke tsayar da noma a can sanyi ne. Manomin Linn yana da kwana 160 ko kusa da haka tsakanin daskarewar ƙarshe a wajen ƙarshen Afrilu da ta farko a farkon Oktoba. Duk arzikin gundumar cikin wannan taga yake fitowa.

Watannin da ƙasa ke kulle

Kalmar hunturu ita muka saba fassara lokacin sanyinsu da ita, amma ba ta ɗauke nauyinsa ba. Hunturunmu hazo ne da ƙura da fashewar leɓe. Nasu daga Disamba zuwa farkon Maris ne, kuma ƙasa kanta take daskarewa ta yi tauri kamar daɓen siminti. Shi ya sa maginin can yake nutsa harsashin gida fiye da mita ɗaya, ya binne bututun ruwa ƙasa da haka, don kada ƙanƙara ta ɗaga ginin ko ta fasa bututun. Dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara takan kai santimita 70 zuwa 80 in an tara. Tun da asuba motocin hukuma masu ƙaton faranti a gaba suke fita suna ture ta gefen hanya suna watsa gishiri, kowane mai gida kuma dole ne ya share ta gaban ƙofarsa.

Wani lokaci iskar da ke kewaya ƙarshen duniya na arewa takan kwance ta zubo kudu. Haka ta faru a ƙarshen Janairun 2019. Ran 31 ga watan, ma'auni a Cedar Rapids ya nuna digiri 34 ƙasa da sifili, sanyin da ba a taɓa rubuta irinsa a birnin ba. Firizar da muke daskarar da nama a ciki tana aiki ne a wajen digiri 18 ƙasa da sifili, ke nan cikin firiza ya fi tsakar gida ɗumi nesa ba kusa ba. A irin wannan rana, in akwai iska, fatar da ba a rufe ba takan ƙone da sanyi cikin 'yan mintoci. An rufe makarantu, hatta masu raba wasiƙu an dakatar da su, aka buɗe wuraren fakewa domin marasa gida.

Duk da haka manomi ba ya zagin wannan lokaci. Daskarewa da narkewa suna farfasa ƙasar da tayar tarakta ta danne, sanyi yana rage ƙwari, kuma a watannin ne yake gyaran injuna, ya sayi iri, ya daidaita bashinsa da banki.

Shuka da jiniya

A Maris ƙanƙara take fara sakin ƙasa, ko'ina ya zama taɓo. Manominmu ruwan shuka yake jira, ya tona da yatsa ya ga ko laima ta nutsa. Na Linn laima ta yi masa yawa, ɗumi yake jira. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce kada a zuba irin masara sai zafin ƙasa, a zurfin santimita 10, ya kai digiri 10 kuma yana hawa. Jami'ar Jihar Iowa da ke Ames tana fitar da taswirar zafin ƙasa kullum a wannan lokaci, manoma na dubawa a wayoyinsu. Da ƙasa ta yi ɗumi ta kuma tsane, a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, sai ka ga tarakta da fitila har tsakar dare, domin wani ruwan na iya zuwa ya hana shiga gona mako guda.

Ƙasar baƙa ce mai zurfi, wadda saiwoyin dogayen ciyayi suka shekara dubbai suna ginawa kafin Turawa su kafa mata garma a ƙarni na 19. Da yawanta tana riƙe ruwa, saboda haka aka shimfiɗa bututu masu huda a ƙarƙashin gonaki su tsotse shi su zubar a rafi. Dabarar ta mayar da fadamu gonaki. Amma ruwan da dā yake kwanciya a fadama ya nutse a hankali, yanzu hanya aka buɗe masa zuwa kogi, tare da wani kaso na takin da aka zuba.

Daga Afrilu zuwa Yuni iskokin biyu suka fi gwabzawa, domin kudu ta riga ta yi zafi arewa kuma ba ta saki sanyi ba. Lokacin mahaukaciyar guguwa ke nan, mai saukowa daga hadari kamar mazurari tana juyawa. Ba irin 'yar guguwar bazara ba ce da ke kwashe leda a kasuwa. Babbarta tana tuge gida daga harsashinsa. Ofishin Hukumar Yanayi ta Ƙasa da ke Davenport shi ke sa ido a kan Linn da na'urar rada, kuma sanarwarsa hawa biyu ce: ta farko tana cewa yau yanayi zai iya haifar da guguwa, a zauna da shiri, ta biyu tana cewa an gan ta, a nemi mafaka yanzu. A hawa na biyu ake kaɗa jiniyar da aka kakkafa a kan dogayen sanduna a unguwanni. Ana gwada su Larabar farkon kowane wata, kuma tun daga firamare ake koya wa yaro ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya nisanci taga, ya rufe kansa. A ƙasar Hausa gabas ake kallo in hadari ya haɗu. A Linn yamma ake kallo.

Gumin masara da kaka

Yuli shi ne watan da ake yanke hukuncin shekara. A cikinsa masara take fitar da bununi da gemu, kuma in zafi ya tsananta ko ruwa ya ɗauke a waɗannan makonni biyu, goyon zai fito da giɓi. Mafi yawan gonakin Linn ba su da ban-ruwa, da na sama suka dogara kamar gonar gero a Daura. Shi ya sa farin 1988 da na 2012 suke bakin manoman har yau. Yawancin ruwan wannan lokaci da dare yake zuwa, sa'ad da wata iska mai sauri ke kwararowa daga kudu a ƙasa-ƙasa bayan faɗuwar rana, ta ciyar da hadarin da ya taso daga filayen Nebraska.

Masarar ma tana da hannu a yanayin. A tsakiyar girmanta, eka ɗaya takan fitar da galan 3,000 zuwa 4,000 na ruwa ta ganyenta a yini, mutanen can suna ce masa gumin masara. In aka haɗa da damshin teku, sai iska ta yi nauyi, zufa ta ƙi bushewa, digiri 33 ya gallabi mutum fiye da yadda lambar ta nuna.

Kaka ce kaɗai sunanta ya dace da namu ba gyara. Daga ƙarshen Satumba sama take washewa, ganyen itatuwa ya koma ja da rawaya, a fara yankan waken soya, masara ta biyo baya har cikin Nuwamba. Ana so laimar ƙwayar ta sauka wajen kashi 15 cikin 100 kafin a adana, in ba haka ba sai an busar da ita da iskar gas a manyan rumbunan ƙarfe. Daga nan motoci su kwasa zuwa masana'antun Cedar Rapids, irin su ADM da Cargill, inda ake mayar da ita sitaci da zaƙi da man ethanol. A bakin kogin kuma ga katafaren kamfanin Quaker Oats, wanda ƙamshinsa ke cika gari.

Ranar da kogi ya wuce sanin kowa

Ambaliyar 2008 ba dare ɗaya ta haɗu ba. Dusar ƙanƙara ta zuba da yawa a sanyin da ya gabata, ta narke ta ƙosar da ƙasa. Ruwa ya biyo baya a Afrilu da Mayu. A farkon Yuni hadari ya riƙa sauka a kan kwarin kogin Cedar dare bayan dare, a kan ƙasar da ba ta da sauran wurin shan ko ɗigo. Ran 12 ga wata wani ruwan mai ƙarfi ya zuba a kan birnin kansa, daidai lokacin da na arewa yake isowa.

Kogin yana fara fita daga gadonsa in ma'auni ya kai ƙafa 12. Mafi tsawon da aka taɓa rubutawa kafin 2008 ƙafa 20 ne, a 1851 da 1929. Ran 13 ga Yunin 2008 ya kai ƙafa 31.12, wato kusan mita tara da rabi. Ya ɗara tsohon tarihin da fiye da ƙafa 11. Ruwa ya mamaye murabba'in kilomita 26, kashi 14 cikin 100 na birnin, ya shiga gidaje sama da 5,000. Tsibirin May da ke tsakiyar kogi, inda ofishin magajin gari da kotun gunduma suke a lokacin, ya nutse. Wata gadar jirgin ƙasa da aka jera wa taragu cike da duwatsu don su danne ta, ita da taragun duka suka rufta. Unguwannin ma'aikata, Time Check inda masallacin yake da Czech Village, su suka fi shan wuya.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan mako. An kwashe dubban mutane kafin ruwa ya iso, kuma ba a rasa rai ko ɗaya a cikin ruwan a birnin ba. Sannan da aka sanar cewa rijiyar ƙarshe mai ba garin ruwan sha na gab da nutsewa, jama'a suka fito cikin dare suka kewaye ta da buhunan yashi har ta tsira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da aka yi bayan haka ya fi ambaliyar muhimmanci. A 2009 aka kafa Cibiyar Nazarin Ambaliya ta Iowa a Jami'ar Iowa, ta maƙala na'urorin auna ruwa a gadoji, ta zana taswirar da kowa zai duba ya ga inda ruwa zai kai in kogi ya hau ƙafa kaza. Birnin ya saye gidaje fiye da 1,000 da ke bakin kogi ya rushe, ya bar wurin fili, ya kama gina katanga da ƙofofin ruwa. A Satumban 2016 kogin ya sake tasowa ya kai kusan ƙafa 22, na biyu a tarihin garin. A wannan karo an samu kwanaki na gargaɗi, aka jera shingen yashi na wucin gadi mai tsawon kilomitoci, kuma mafi yawan birnin ya kwana a bushe.

Iskar da ta zo a miƙe

Mutanen Linn sun koyi kogi, sun kuma daɗe da sanin guguwa mai juyawa. Abin da ya same su ran Litinin 10 ga Agustan 2020 wani iri ne daban, ko da yake sunansa a maƙwabtansu aka raɗa shi. A 1888 Gustavus Hinrichs, malami a Jami'ar Iowa da ke gundumar Johnson, kudu da Linn, ya ari kalmar Sifaniyanci derecho, ma'ana miƙaƙƙe, don ya bambanta iskar hadari mai tafiya kai tsaye da mai juyawa. Jerin hadari ne mai faɗi da ke tura iska a gabansa na ɗaruruwan kilomitoci.

Na 2020 ya taso da safe daga iyakar Nebraska da Dakota ta Kudu, ya yi tafiyar kilomita 1,240 cikin awa 14 har Ohio. Ya iso Cedar Rapids jim kaɗan bayan tsakar rana. Iskar hadari ta yau da kullum minti biyar ko goma take yi ta wuce. Wannan ta fi rabin awa tana bugu, kuma a kudu maso yammacin birnin an ƙiyasta gudunta ya kai kilomita 225 a awa. Guguwa layi ɗaya take bi ta bar na kusa da shi. Wannan kuwa ba unguwar da ta ƙyale. Kusan duk gundumar ta rasa lantarki, wasu har mako biyu, cikin zafin Agusta da annobar korona. Masarar da ta yi goyo ta kwanta, rumbunan ƙarfe suka lotse kamar gwangwani. Tashar nukiliya ta Duane Arnold da ke kusa da Palo, wadda dama ake shirin rufewa a shekarar, ta yi asarar hasumiyoyin sanyaya ruwanta, aka rufe ta tun kafin wa'adi. An ƙiyasta ɓarnar a duk jihohin da ta ratsa da dala biliyan 11.

Cikin waɗanda suka fi tagayyara akwai iyalan 'yan gudun hijira, da yawansu daga Afirka, mazauna gidajen haya da rufinsu ya yaye. Sun kwana a tantuna a gaban gidajen kafin taimako ya same su. Iska ba ta zaɓi gida ba, amma mai inshora da janareta da dangi a wani gari ya riga mai haya miƙewa. Duk wanda ya ga bayan ambaliya a Maiduguri ko Haɗeja ya san wannan bambanci.

Asarar da ta fi daɗewa ita ce ta itatuwa. Birnin ya rasa kusan kashi biyu cikin uku na inuwarsa a rana ɗaya, har da manyan itatuwan da suka girmi kowa a garin. Rufi ana gyara shi cikin wata guda, amma inuwa sai an jira shekara 30.

Abin da ma'auni ya sani

Cikin shekara 12 gundumar Linn ta ga ambaliya mafi girma a tarihinta, da ta biyu, da sanyi mafi tsanani, da iskar da ta fi kowace ɓarna. Ba kowanne ne za a ɗora wa sauyin yanayi kai tsaye ba. Amma akwai abin da masana suka tabbatar: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi, tana iya ɗaukar ƙarin damshi kusan kashi 7 cikin 100, kuma ma'aunan ruwan sama a wannan yanki na Amurka sun nuna ruwa mai zuba da yawa lokaci guda ya ƙaru tun daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Damshin da ke cika rumbu shi ne ke cika kogi.

Muna girmama sanin dattawa, kuma ya cancanta, domin da shi aka zauna a ƙasa tun kafin a ƙera ma'auni. Amma dattijo abin da ya gani yake faɗa, ruwan 2008 kuwa babu wanda ya taɓa gani. Abin da ya raba 2008 da 2016 a Cedar Rapids shi ne an auna kogin tun daga sama, an faɗa wa mutane da wuri, sun yarda da abin da aka faɗa musu, kuma an riga an san inda za a jera yashi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin gari mai niyya.

An kwashe taɓon da ya cika ɗakin ƙarƙashin masallacin, an ceto abin da ya cetu daga takardun, an sake buɗe ƙofarsa ga masu ziyara. A titunan birnin kuma, ƙarƙashin wani shiri na shekara goma da hukumar gari ta ƙulla da ƙungiyar Trees Forever ta garin Marion, ana dasa dubban itatuwa. Kowanne an ɗaure shi da turke, domin masu dashen sun san iskar yamma za ta dawo kafin ya yi ƙarfi.